Motar da ba ta shan mai: Manyan Kano masu tara kayan wasa a ɓoye

A Kasuwar Sabon Gari, wadda a takarda ake kira Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, kayan wasan yara kakarsu uku ce a shekara: ƙaramar Sallah, babbar Sallah da Kirsimeti. Lokacin ne rumfuna ke cika da bindigar ruwa, tabarau na roba, agogon da ba ya tafiya, da motar nan da ake ja baya a saki ta zura da gudu. Kwana uku bayan biki rabinsu sun karye, suna cikin kwata. Mai sayarwa ya san haka, uban da ya biya kuɗin ma ya sani, babu wanda ke jin an cuce shi.

Sai dai akwai wani mai saye da ba ruwansa da kaka, kuma ba ya zuwa da yaro. Za ka gan shi da gemunsa, wataƙila ma da katin wurin aiki rataye a wuya. Ya ɗauki 'yar mota, ya kifa ta, ya ƙura wa rubutun ƙarƙashinta ido, ya jinjina nauyinta a tafin hannu. Idan mai rumfa ya ce, "Yallaɓai, yaron shekararsa nawa?" sai ya ce ai na ɗan yayarsa ne. Ɗan yayar nan kuwa har ya girma ba zai sa motar a ido ba. Kabad za ta shiga, a rufe da mukulli.

Irin waɗannan mutane suna nan a Fagge da Sabon Gari da sauran unguwanni: ɗalibai, masu gyaran waya, teloli, ma'aikatan banki. Ba za ka ga allo da sunansu ba. Galibi ma sai ka shiga ɗakin mutum ka ga jeren motoci a saman kanta, sannan ya yi 'yar dariyar kunya ya fara kare kansa tun ba ka tambaye shi ba.

A wasu ƙasashen abin ya wuce a ɓoye shi. Kamfanin Circana mai bin diddigin ciniki ya bayyana cewa a farkon 2024 'yan shekara 18 zuwa sama sun zarce yara 'yan shekara 3 zuwa 5 wajen kayan wasan da ake saya dominsu a Amurka. Ma'ana, babban kwastoman kamfanin kayan wasa a can yanzu mai albashi ne, ba mai kukan a saya masa ba.

Abin dariyar shi ne su ma da kunya suka fara. A 1964 kamfanin Hasbro ya fito da wani sojan roba mai gaɓoɓin da ke lanƙwasuwa, G.I. Joe. Sun san yaro namiji ba zai yarda a ce yana wasa da 'yar tsana ba, sai suka hana a kira shi da wannan suna, suka raɗa masa wani mai nuna jarumta da motsi. Daga nan wannan reshe na kasuwa ya tsiro, har ya kai ga mutum-mutumin jaruman Star Wars da kamfanin Kenner ya fara sayarwa a 1978, da su Spider-Man da Naruto da muke gani yau rataye cikin leda a bakin titi.

Su kuwa ƙananan motocin ƙarfe sun riga soja zuwa. Matchbox ta fara ne a Ingila a 1953, a hannun kamfanin Lesney, kuma sunan na nufin kwalin ashana, domin motar ba ta fi ta shige shi ba. Hot Wheels ta biyo baya a 1968 daga kamfanin Mattel na Amurka, da motoci 16 kacal. Lesney ya durƙushe a 1982, zuwa 1997 kuma Matchbox ta koma hannun Mattel, kishiyoyi suka zama 'yan ɗaki ɗaya. A Japan aka ɗauki wata hanya: bayan fim ɗin zane na Gundam ya fito a 1979, kamfanin Bandai ya fara sayar da butum-butumin yaƙin cikinsa a 1980 kan yen 300, amma a warwatse. Kai za ka yanko gutsattsarin daga jikin firam, ka goge bakinsu, ka haɗa, ka yi fenti. Wani yakan ci awa uku, wani sati uku. Masu yi sun ce daɗin yana wurin haɗawar.

Yadda ake karanta cikin mota

Abin da ya raba mai tarawa da mai saya wa yaro shi ne ilimin da ke bayan abin, kuma ilimi ne na gaske, mai ƙa'idoji.

Na farko ma'auni. Idan ka ga 1:64, ana nufin an rage motar gaske sau 64. Nan ne ajin yawancin Hot Wheels da Matchbox, tsawonsu bai wuce ɗan yatsa ba. Akwai 1:43, akwai 1:24, akwai 1:18 wadda ƙofofinta ke buɗewa, ka ɗaga bonet ka ga inji, ka murɗa sitiyari taya ta juya. Mai tarawa na sosai ba ya cakuɗa ma'auni a kanta ɗaya, kamar yadda ba a jera babbar riga da 'yar shara a ce kaya ɗaya ne.

Na biyu rubutun ƙasa. Motar kirki tana ɗauke da sunan kamfani, sunan motar, ƙasar da aka ƙera ta, da shekara. A nan ne sababbin shiga ke faɗawa rami. Shekarar da ke jiki ta ranar da aka yi rajistar zubin ce, ba ranar da aka ƙera wadda ke hannunka ba. Mota na iya ɗauke da 1979 alhali bara ta fito daga masana'anta a Malesiya ko Tailan. To kada wani ya nuna maka lamba ya ce ta girmi babanka. Abin da ke nuna tsufa na gaske daban ne: Matchbox mai sunan Lesney da tambarin Ingila ta girmi shekara 40, babu tantama. Hot Wheels mai jan zobe a gefen taya, idan ta asali ce, tsakanin 1968 da 1977 aka yi ta, kodayake kamfanin ya sake fito da irinta daga baya don masu marmari, sai an haɗa da sauran alamu. Tun 1995 kuma Mattel ke cusa wasu 'yan ƙalilan na musamman cikin kwalayen da ake kai wa shaguna, waɗanda ake kira Treasure Hunt. Mafi daraja a cikinsu tayarsu ta roba ce mai laushi, fentinsu na ƙyalli, da harafin TH a jiki.

Na uku nauyi da tafiya. Ta gaske ƙarfe ne aka narka aka zuba, tana da sanyi a hannu, idan ka tura ta a kan tayil za ta miƙe ɗoɗar. Jabu kuwa sakayau take, ta yi taku biyu ta karkace kamar mai ciwon ƙugu.

Yawancin abin da ke rumfunan Sabon Gari sabo ne daga Chaina, inda gundumar Chenghai a birnin Shantou ta shahara da ƙera kayan wasa, kasuwar Yiwu kuma ke rarraba su ga duniya. Ba laifi ba ne, don yara aka yi su, kuma a farashin da uba zai iya. Mai neman na asali kuwa gwanjo yake nufa. Cikin dilolin da ake kwancewa a Sabon Gari da Ƙofar Wambai akan samu buhun tarkacen kayan wasan da yaran Turai suka gaji da su: 'yar tsana ba hannu, jirgi ba fiffike, bulon Lego a warwatse. A cikin wannan tarkace ne akan tsinci abin kirki. Mai kaya tsibi yake sayarwa, girma yake dubawa, don haka ƙatuwar motar roba ta fi tsada a wurinsa a kan 'yar ƙaramar ƙarfe da fentinta ya kankare. Mai ido sai ya tsuguna, ya haɗa da wasu tarkace biyu don kada a gane wadda yake so, ya taya a wulaƙance. Wannan dabara dai ba sai an koya wa Bakano ba.

Maganar kuɗi

Yanzu bari mu zo inda ake yaudarar matasa. Labaran da ke yawo a TikTok gaskiya ne, amma ba namu ba ne. An sayar da wani mutum-mutumin Boba Fett na gwaji, daga Star Wars, kan sama da dala miliyan 1 a 2024. Wata Hot Wheels ruwan hoda ta 1969 da ake kira Beach Bomb, wadda ke hannun wani Ba'amurke mai suna Bruce Pascal, ana ƙiyasta ta a kan dala dubu 150 ko fiye. A Yunin 2025 an yi gwanjon wani Labubu mai tsayin yaro a Beijing kan yuwan miliyan 1.08. Duk waɗannan ko dai na gwaji ne da ba a taɓa kai su kasuwa ba, ko kuma guda ɗaya tak aka yi. Ba sa faɗowa daga dila.

Hot Wheels ta yau da kullum a Amurka dala ɗaya ce da 'yan kai, kuma miliyoyi ake bugawa. Abin da ya sa ta zama kayan marmari a nan shi ne Naira. Kafin Yunin 2023 dala a farashin hukuma tana wajen Naira 460, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ɗora kuɗin jirgi, ɗora kwastan, ɗora ribar mai kawowa daga Legas. Ɗalibin da ke lissafin kuɗin A Daidaita Sahu zuwa makaranta da na handawut dole ya yi tunani biyu.

Ga kuma matsalar sayarwa. A inda abin ya kafu, darajar mota tana ga kwalinta: idan an ɓare, farashi ya faɗi. A nan ko ba ka ɓare ba, zafin Afrilu da ke haura digiri 40 zai ɗaga gam ɗin ledar, rana ta mayar da farar roba ruwan ƙwai, ƙurar hunturu ta shige duk wata kafa. Sannan ranar da ka matsu, wa zai saya? Wanda ya tara zinare ya san inda zai kai. Wanda ya tara motoci 200 sai dai ya sa a WhatsApp, abokai su turo masa alamar dariya. Ni a ganina duk wanda ya ce maka wannan jari ne a Kano, so yake ya sayar maka da nasa. Ka saya don kana so, da kuɗin da ba za ka yi kukansu ba.

Labubu kuwa, wanda mai zane Kasing Lung ya ƙirƙira, kamfanin Pop Mart na Chaina ke sayarwa, ya zo da wani salo da ban yarda da shi ba sam. A rufaffen kwali ake sayar da shi, ba ka san wanne ke ciki ba sai ka biya ka buɗe. Idan ba wanda kake nema ba ne, ka sake saye. A sa masa duk sunan da aka ga dama, ƙanwar caca ce. Jabunsa ma har suna ya yi, Lafufu.

Me ya sa mota ta fi mutum-mutumi karɓuwa?

Duk wanda ya leƙa kantocin masu tarawa a cikin gari zai lura motoci da jirage sun rinjayi su Batman nesa ba kusa ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jumhurun malamai sun hana ƙerawa ko ajiye siffa mai jiki ta abu mai rai. An yi rangwame ga 'yar tsanar yara, bisa hadisin da ya nuna Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana wasa da nata a gidan Manzon Allah (SAW). To amma rangwamen yara ne, ƙato ɗan shekara 25 ba zai fake a nan ba. A tsakiyar 2021 ma Hukumar Hisbah ta Jihar Kano, lokacin Sheikh Harun Ibn Sina na kwamanda, ta hana teloli da masu kantin kaya amfani da mutum-mutumin tallar tufafi mai kai. A garin da aka yi wannan, wanda ya jera jarumai 30 a falo ya san zai sha tambaya daga iyaye kafin kowa.

Mota ba ta da rai, jirgi ba shi da rai, gini ba shi da rai. Shi ya sa matashi Musulmi mai wannan sha'awa yake samun natsuwa a nan. Gundam ne ke tsaka-tsaki, inji ne amma ga kai ga ido, kuma na ji samari suna ta musu a kansa. Wannan fatawa ce, a kai wa masu ita. A Sabon Gari, inda mabiya addinai da ƙabilu ke cakuɗe tun kafuwar unguwar sama da shekara 100 da suka wuce, an fi ganin jaruman fim a fili, a shagon aski ko a gaban mota.

Saura kunya. Ita ce ban gane kanta ba, domin tara abin da ba a amfani da shi ba baƙo ba ne a wurinmu. Shiga ɗakin kakarka idan jerenta na nan. Kwalla, langa, kumbo, tasa, fanteka, an ɗora wannan kan wancan har kusa da rufi. A sauke, a goge, a mayar, ba a taɓa zuba tuwo a ciki ba. Ta san wadda aka kawo ranar aurenta, ta san wadda aka daina yi, ta san wadda maƙwabciya ta so ta musanya ta ƙi. Daga baya iyayenmu mata suka koma tangaran a kabad mai gilashi, shi ma kallo ne kawai. 'Yan tattabara fa? Mutum ya zuba kuɗi a kan tsuntsun da ba zai yanka ba, ya wuni yana kallon sama. Ga mai hula 40 da kai ɗaya. Ga ɗan ƙaramin jirgin sama a kan teburin kusan kowane ejan na Hajji da Umara a Fagge, ban taɓa jin an ce wa Alhaji ya girma da wasa ba. Wato dai abin da ake yi wa dariya shi ne a ce saurayi ne ya saya da kansa, don kansa.

Ina namu motocin?

Ga abin da ya fi damuna a duk wannan harka. Duba kantar mai tarawa a Kano: Mustang, Camaro, Skyline, Lamborghini. Motocin da ba su taɓa taka titin Faransa Rod ba. Mun taso muna kallon MBC 3 da Spacetoon a dish, sai muka gaji marmarin yaran wasu ƙasashe, muna ajiye tarihin titunan da ba mu taɓa bi ba.

Alhali mu ma muna da namu. Tun 1975 ake harhaɗa fijo a Kaduna, kuma 504 ta yi shekaru tana matsayin motar gwamnati, motar haya, motar kai amarya. Kamfanin Norev na Faransa yana ƙera ƙaramarta, amma tsaf-tsaf irin ta titin Paris, ba wadda aka ɗaure wa buhuna a but tana jiran cikon mutum ɗaya zuwa Katsina ba. Ina a-kori-kura? Ina hayis da kwandasta a maƙale? Ina gingimari mai zanen zaki da dawisu a baya? Ina Jincheng ta 'yan acaɓa, wadda aka hana ɗaukar fasinja da ita a Kano a Janairun 2013, ga shi yaran da aka haifa bayan nan ba su san garin da ita ba? Jirgin Nigeria Airways mai tambarin giwa mai fiffike ya daina tashi a 2003. Kabo Air, da marigayi Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa a 1980, nan Kano ne gidansa. Jirgin ƙasa ya iso garin nan a 1911, jirgin sama ya sauka a 1925. Duk wannan bai isa a cika kanta ba?

A ɓangaren 'yar tsana wasu sun gwada. Taofick Okoya ya fito da Queens of Africa a Legas a 2007, har da mai shigar Hausawa a ciki. Haneefah Adam daga Ilori ta yi suna a Instagram da Hijarbie, inda take ɗinka wa Barbie hijabi da abaya. A ɓangaren mota kuwa shiru kake ji.

Kuma ba hannu muka rasa ba. Mu da aka haifa a farkon shekarun 2000 mun tarar da ƙarshen zamanin motar kara da ta langa-langa. Bayan girbi a samo karan dawa, a ɓare bawon, totuwar ta zama gangar jiki, a tsaga bawon siri-siri ya zama ƙusa. Ko a buɗe gwangwanin madara a daddale shi, a yanko taya daga tsohon silifas, a lanƙwasa waya ta zama dogon sitiyari da mai mota zai riƙe yana tafe yana ƙugin inji da baki. Gwanaye har sifirin suke sa wa, motar ta haye dutse tana lilo, wani ya haɗa batir da ɗan ƙwai ta yi fitila. Babu takardar bayani, babu firam, babu gam ɗin kanti. Yaro ya kalli tifa ta wuce sau biyu, ya zauna ya fitar da ita. Abin da Bajapane ke saye a kwali yana haɗawa, yaron Fagge daga bola yake tsinto nasa, kuma shi ne mai zanen. Motar roba mai arha da wayar hannu suka zo suka share wannan makaranta, ba mu ajiye ko ɗaya a kabad ba.

Wani lokaci hannun yakan girma da mai shi. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar lissafi da ƙarfi a Jami'ar Bayero, yana da shekara 24, ya haɗa helikwafta da tarkacen mota da na babur da injin Honda Civic, ta kuma ɗaga sama ƙafa bakwai. Duniya ta ɗauki labarin.

Abin da ake buƙata don ƙaramar mota bai kai haka ba. A Daidaita Sahu tsawonsa wajen mita biyu da rabi ne da 'yan kai, a ma'aunin 1:43 wajen santimita 6 ne. Fijo 504 kusan mita huɗu da rabi ce, ta zama santimita 10 da ɗoriya. Muna da masu zubin tukwanen dalma da suka san mazubin yashi kamar yunwar cikinsu. Muna da ɗaliban zanen gine-gine da ke kwana suna yanka kwali don fitar da samfurin bene. Muna da masu fentin bayan tirela. Injin da ke fitar da siffar abu da roba daga zanen kwamfuta ma ya fara shigowa hannun matasa. Wanda ke biyan kuɗin jirgi a kawo masa Camaro daga Legas, zai yi wuya ya ga hayis mai lambar Kano da rubutun "Allah Ya kiyaye" a goshi ya wuce bai taya ba. Haka ɗan Kano da ke Jidda ko Landan.

Matsalar ita ce kafin a rage mota sau 43 sai an samu ta gasken an auna. A-kori-kura da tsohuwar Basfa kuwa kullum raguwa suke a garejin Fagge, domin 'yan gwangwan ba sa tambayar shekara ko tarihi, a sikeli suke saye.